Ɗan baffana ya ƙi tashi daga gidana, yaya zan fitar da shi ban taka doka ba?

Abu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah, musamman daga waɗanda irin wannan ta taɓa samu. Ina da gida a Rijiyar Zaki nan Kano, ni na sayi filin na gina, ba gado ba ne, takardu duk sunana ne a jiki. Shekara 6 da suka wuce ɗan baffana ya samu matsala da mai gidan da yake haya sai Hajiyarmu ta ce in ba shi ɗaki biyu na baya ya zauna kafin ya samu wani wurin, lokacin ina aiki a Abuja ba kowa a gidan. Ba mu rubuta komai ba kuma ko sisi bai taɓa ba ni da sunan haya ba. Yanzu an dawo da ni Kano ina son in tare da iyalina, tun kafin azumi nake masa magana kullum amsar ɗaya ce, "Yaya a ƙara min haƙuri", to jiya da na matsa sai ya shiga ɗaki ya fito min da baƙar leda cike da risit na siminti da bulo, wai shi ya yi filasta ya haƙa masai ya sa tayil, sai na biya shi miliyan ɗaya da rabi sannan zai tashi. Wallahi ban sa shi ba. Ƙanin matarsa ma yanzu a zauren yake kwana, ga awaki uku a tsakar gida. Tambayata, kotun majistare zan je ko kotun Musulunci ko Hisbah? Yana ɗaukar wata nawa kuma lauya nawa zai ci? Ba na son in yi abin da zai dawo kaina.

Ɗan Kurmi:
Ka samo kafinta ya kwashe kwanon ɗakin kawai, ga damina ta kusa, da ƙafarsa zai fita.

Maman Ilham:
Shi ya sa ni ba na ba wa kowa aron ko da shago ne. Amma ka yi masa notis na wata shida, haka doka ta ce.

Sadiq Tela:
Wata uku ne ba shida ba, mu da aka taɓa ba mu.

Baba Na Rigasa:
Ɗan Kurmi ka ji tsoron Allah kar ka jefa bawan Allah a ramin da na faɗa. Abu Hanif saurare ni da kyau. Ni ma haka na yi a Kaduna, ina da kango da na kai linta na rufa ɗaki ɗaya, na sa wani mutum ya riƙa kwana yana duba min rodi da katako, ba ɗan uwana ba ne ma, a masallaci na san shi. Bayan shekara biyu na zo na tarar ya kawo mata da yara huɗu, ya kewaye da zana, matar tana sayar da awara a ƙofar gida. Na yi magana na yi magana har na gaji, ran nan raina ya ɓaci na zo da yara muka cire ƙofa muka fitar da katifa da tukwane muka zuba a waje na sa kwaɗo. Kafin la'asar ni ne a caji ofis. Mutumin nan ya ce akwai dubu ɗari huɗu a ƙarƙashin katifa sun ɓata, da keken ɗinkin matarsa, wallahi tallahi ban ga ko allura ba. Na kwana a bayan kanta ina da shekara hamsin da ɗoriya, 'ya'yana suna kawo min abinci a kula. Aka tafi kotu, wanda na taimaka shi ne mai ƙara ni ne wanda ake ƙara, yana zuwa da sabuwar shadda yana gaishe ni "Alhaji ina kwana" a gaban mutane. An ɗage shari'ar nan har na daina ƙirgawa, yau alƙali ya tafi taro gobe lauyansa ba shi da lafiya jibi ma'aikatan kotu suna yajin aiki. A ƙarshe sulhu aka yi, ni na biya shi, ni na kama masa hayar shekara a wani wuri, kangon kuma na sayar don ko ta layin ba na son bi.

Ummu Sultan:
Innalillahi. Baba Allah ya saka maka.

Ɗan Kurmi:
To Baba ai kai kaya ka taɓa, ni kwano na ce.

Baba Na Rigasa:
Duk ɗaya ne yaro. Kuma ban ma gama ba, abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne, limamin da ya haɗa mu da aka kira shi shaida cewa ya yi shi bai san da wace yarjejeniya muka yi ba. Mutumin da a gabansa na miƙa makulli! Har yau a masallacin nake sallah amma ba na tsayawa gaisuwa.

Kb Mai Waya:
Baba awarar dai tana da daɗi ko? 😂

Barista MK:
Abu Hanif bari in amsa abin da ka tambaya. Na farko kar ka cire kwano, kar ka canja kwaɗo, kar ka yanke wuta ko ruwa, kar ka taɓa kayansa, ko da gidan naka ne kotu ba ta yarda mutum ya yi wa kansa hukunci ba kuma za a iya sa ka biya diyya, labarin Baba ya ishe ka. Na biyu masu cewa wata shida, wannan na ɗan hayar da ke biya shekara-shekara ne. A dokar karɓar gida ta Abuja misali mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ne, mai biyan duk wata uku wata uku ne, mai shekara wata shida, wanda kuma yake zaune da yardar mai gida ba wa'adi sati ɗaya ne. Kowace jiha tana da tata dokar don haka lauyanka zai duba ta Kano, amma tsarin kusan ɗaya ne: a rubuta masa takardar janye izinin zama, idan wa'adin ya cika bai fita ba a ba shi ta biyu ta kwana 7 cewa za ka je kotu karɓar gidanka, sannan a shigar da ƙara a kai masa sammaci. Idan an yi hukunci ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi ba kai ba. Inda mutane suke faɗuwa shi ne wajen miƙa takardar, a ba wa yaro ko a tura ta WhatsApp shi kuma ya ce bai gani ba, sai a koma farko. Ka samu wanda zai miƙa hannu da hannu kuma zai iya zuwa ya ba da shaida. Tambaya ɗaya, ka tabbata bai taɓa turo maka kuɗi ta banki ba ko da sau ɗaya? Don idan akwai, zai iya cewa haya ce.

Abu Hanif:
Na gode Barista. Akwai dubu talatin da ya turo min da sallar bara wai in sayi kaji, sai kuɗin wuta da yake biya da kansa. Wannan zai zama matsala?

Alhaji Dillali:
Ku bar wahalar da mutum da turanci. Shekarata ashirin ina harkar gidaje, irin wannan kes ɗin ba ya wuce wurin DPO, ka je da takardun gida ka ɗan yi abin da ya kamata, a kira shi ya sa hannu zai tashi nan da wata ɗaya shikenan. Dubu hamsin ta yi yawa.

Barista MK:
Alhaji wannan ba aikin 'yan sanda ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta hana a kama mutum saboda rigimar da ba ta laifi ba, kuma takardar da aka sa mutum ya sa wa hannu a caji ofis gobe zai ce tilasta shi aka yi.

Alhaji Dillali:
Ranka ya daɗe doka a takarda daban, abin da ke faruwa a gari daban. Ku dai ba ku son a gama magana a kwana biyu don ba za ku samu na zuwa kotu ba.

Sadiq Tela:
Shi wannan Baristan ma wa ya tabbatar barista ne? Kowa a nan sai ya sa suna.

Maman Ilham:
Ko ba barista ba ne dai ya fi mai cewa a kwashe kwano. Ni lauya dubu ashirin ya karɓa ya rubuta min notis.

Nura Injiniya:
Dubu ashirin a wace shekarar Hajiya? Ni bara dubu saba'in na biya na takarda kawai, shari'ar kuma ya ce dubu ɗari uku banda kuɗin mota duk ranar zama. Ranar fitar da kaya ma sai da na kama motar ɗaukar kaya da masu dako daga aljihuna.

Ummu Sultan:
Kai an cuce ka. Mijina a kotun Musulunci ya yi nasa ba lauya, kuɗin shigar da ƙara da na sammaci ne kawai, duk bai kai dubu goma sha biyar ba, zama uku aka gama.

Nura Injiniya:
Don wanda kuka kai bai ɗauki lauya ba ne. Bari ya ɗaukaka ƙara ku gani.

Ɗan Kurmi:
Ku tsaya ma, na ji an ce a Musulunci idan mutum ya shekara goma a gida ya zama nasa. Abu Hanif saura maka huɗu 😂

Malam Na Zaure:
Ɗan Kurmi a daina faɗar abin da ba a karanta ba. Abin da kake nufi hauzi ne, kuma yadda ya zo a Risala shi ne wanda ya riƙe gida shekara goma ana jingina masa shi, mai gidan yana nan yana gani ya san da haka bai ce komai ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Amma a nan ɗin dai aka ce tsakanin dangi da surukai wannan adadin ba ya zama hauzi. Sannan wanda aka ba aro ba ya mallaka da daɗewa, matuƙar an tabbatar aro ne. Shi ya sa abu mafi muhimmanci a gare ka Malam Abu Hanif shi ne shaidu, wa da wa suka san aro ka ba shi? Hajiya tana raye alhamdulillah, a samu wasu maza biyu cikin dangi da suka sani. Maganar siminti kuma kar ka yi saurin cewa ba za ka ba da komai ba, ka shekara shida kana zuwa kana ganin tayil ba ka hana ba, alƙali zai tambaye ka wannan. Ni a ganina a fara da manyan gidanku da mai unguwa, in ta ƙi a je Hisbah su yi sulhu a rubuta rana, su dai ba za su fitar da shi da ƙarfi ba amma takardar za ta yi maka amfani a gaba.

Alhaji Dillali:
Mai unguwa? Wanda zai ce maka a yi haƙuri zumunci ne. Tun yaushe ake haƙurin.

Kb Mai Waya:
Ni dai shawarata ka tare kawai da iyalinka a ɗakunan gaba, ka sayo tsohon janareta mai hayaƙi ka ajiye daidai tagarsa, awakin kuma ka ce na gode da gudummawar tarewa.

Baba Na Rigasa:
Kuna ta dariya. Ni nawa ma da aka zo sulhu risit ya kawo na rijiyar da ni na haƙa da kuɗina, da tambarin shago da komai. Abu Hanif ka ɗauki hoton duk risit ɗin nan ka je shagunan ɗaya bayan ɗaya, za ka sha mamaki.

Abu Hanif:
Yanzu Hajiya ta kira ni, ashe ya riga ni zuwa wurinta da matarsa suna kuka. Ta ce in na kai ɗan ƙanin mahaifina kotu ba da yawunta ba, in bari sai bayan babbar sallah. Ni kuma hayar da na kama wa iyalina ƙarshen wata take ƙarewa. Barista don Allah maganar dubu talatin ɗin nan fa?

Hauwa Jidda:
Ni fa duk ku masu gidaje ne kuke ta magana, ba wanda ya tambayi ina mutumin zai je da yara. Kun san nawa ɗaki biyu yake yanzu? Mu mai gidanmu ya ninka mana haya a bana ba ko gyaran famfo, da muka yi magana washegari sai ga notis an liƙa a ƙofa.

Sadiq Tela:
Faɗa musu dai. Ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na ajiya wai ko za ka ɓata wani abu, wanda ba a taɓa dawo wa kowa da shi ba. Ni har kuɗin ganin gida aka karɓa a wurina, dubu biyar, gidan ma ashe an riga an ba wani.

Alhaji Dillali:
To man mashin ɗin da zan kai ka fa, ruwa zan zuba? Mutum goma za su sa ka yawo daga Kabuga har Ɗorayi ba wanda zai kama.

Hauwa Jidda:
Alhaji kashi goma da kuke karɓa a wurinmu, ku kuma karɓa a wurin mai gida, wannan na menene?

Maman Ilham:
Kashi goma? A unguwarmu sha biyar suke cewa yanzu, kuma su uku za su zo kowa ya ce shi ya nuna maka gidan.