Filtar mai: matata, rariya ko mataci?

'Yan'uwa, ina so mu tsayar da magana a kan abin nan da makanikai ke kira filta, wanda mai ke ratsawa ta cikinsa daga tanki kafin ya kai ga inji.

Na ga masu rubuta "matatar mai". Ban goyi baya ba. Sunan nan yana da mai shi. Duk wanda ya ji matatar mai, hankalinsa zai tafi ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ko ta Dangote, ba gwangwanin da ake riƙewa da hannu ɗaya ba.

Wani dattijo ya kawo shawarar a ce rariya. Baba, Allah ya ƙara girma, amma rariya ta tankaɗe ce, busasshen gari ake zuba mata.

Mu duba aikin abin. Ga tsohuwar Mitsubishi L300 mai jan ƙafa huɗu, mai injin dizal 4D56 da ke ƙarƙashin kujerun gaba. Filtarta gwangwani ce da takarda a nannaɗe a ciki, takardar ke tare tsatsar tanki da ƙura don kada su ɓata nozul, wato bakin da ke fesa dizal a cikin inji. Ruwa kuwa, da yake ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a gindinta, inda ake kwancewa a zubar. Idan ta toshe, mota ta dinga cijewa, in ta zo hawa ƙarfi ya gudu. Wajen sa sabuwa ana shafa ɗan dizal a robar bakinta, a ɗaure da hannu, sannan a yi ta danna ɗan famfon da ke samanta har ya yi tauri, iska ta fita. Wanda ya tsallake wannan, sai ya kashe batir mota ba ta tashi ba.

Wannan tacewa ce, irin wadda ake yi wa gasara da matacin koko. Ni dai mataci na zaɓa.

Sai dai "matacin mai" kawai bai wadatar ba, domin a bakinmu fetur mai ne, dizal mai ne, baƙin mai ma mai ne. Ka aiki yaron gareji da wannan suna, yana iya dawo maka da na baƙin mai. A riƙa cikawa: matacin dizal, matacin fetur, matacin baƙin mai. Na iska ma ya shiga sahu, matacin iska.

Oga, ku da spana ke hannunku kullum, in direba ya shigo ya ce a canza masa matacin dizal, za ku gane ba sai ya maimaita ba?