Wane suna za mu raɗa wa paramedic da Hausa?

Jama'a, ku matso mu yanke magana kan wata kalma da ta daɗe tana wahalar da masu fassara: paramedic, wato ma'aikacin lafiyar da ke zuwa wurin hatsari ya fara jinya kafin a kai mutum asibiti. Wasunku sun riga sun kawo shawarwarin sunaye, zan zo kansu. In aka yi hatsari ko gobara a wata ƙasa, sai ka ji wata kafa ta ce "ma'aikatan lafiya sun isa wurin", wata ta ce "'yan agaji", wata kuma "masu motar asibiti". Mutum ɗaya duk ake nufi, amma ba sunan da ya faɗi aikinsa. Da can abin bai dame mu ba, tunda ba a gabanmu ake yin aikin ba. Yanzu kuwa ya iso gida. Gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar da NEMSAS, tsarin motocin asibiti da jinyar gaggawa, a 2022, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya daɗe yana horar da irin waɗannan ma'aikata. Ba makawa yaranmu za su nemi gurbin karatun. Ranar da uwa ta ce wa ɗanta, "Wai kai me kake karantawa ne?", ya kamata ya iya ba ta amsa da harshen da ya tsotsa a nono.

Ni a ganina ba a raɗa wa sana'a suna sai an san abin da mai ita ya iya. To bari mu fara da abin da ake koya masa.

Yana karanta tsarin jikin ɗan Adam da ilimin magunguna kamar sauran ɗaliban lafiya. Amma ginshiƙin horonsa shi ne yadda ake duba mutum cikin daƙiƙu: shin hanyar numfashinsa a buɗe take, yana numfashin, jini na zagayawa? Ana sa shi ya yi ta maimaitawa a kan mutum-mutumin roba har abin ya zauna masa a hannu, sannan a tura shi ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa da bayan motar asibiti ya koya a kan mutane.

A ce bas ta ƙwace ta faɗa rami a hanyar Kano zuwa Zariya. Kafin ka ce kwabo mutanen gari sun cika wurin, kowa da kyakkyawar niyya. Wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, wani na kwara wa wanda ya suma ruwa, wani ma na ƙoƙarin ɗura masa a baki. Wanda ya yi wannan karatu in ya iso, ba mai kururuwa zai fara nufa ba, don mai ihu yana numfashi. Wanda ya yi shiru a gefe shi ne abin tsoro. Zai durƙusa ta wajen kansa, ya tallafe kan da hannu biyu kada wuya ya motsa, ya tura muƙamuƙi gaba don harshe ya tashi daga hanyar iska, ya kai kunnensa kusa da baki yana kallon ƙirji. In kuma ya hango jini na tsartuwa daga cinyar wani, wannan ba ya jira: ya ɗaure sama da raunin, ya murɗa har jinin ya tsaya, ya rubuta lokacin da ya ɗaura. Sannan ya raba masu raunin da launi. Ja ga wanda zai mutu in aka yi jinkiri, rawaya ga wanda zai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda rai ya yi halinsa.

In zuciya ta tsaya, ya san danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti guda, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ya san cewa ba kowace zuciyar da ta tsaya ake buga wa lantarki ba, sai ya duba zanen bugunta a na'ura ya gane wacce ce. Yana sa allurar ƙarin ruwa a jijiya, yana ba da oksijin da adirenalin. Mutum ya faɗi yana gumi yana sambatu, jama'a na cewa maye ne ko iska, shi kuwa sai ya soki yatsa ya auna suga, domin faɗuwar suga haka take zuwa kuma nan take ake maganinta. Yana karɓar haihuwa in ta zo a hanya, ya san abin yi in jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama mai ciki. Yana auna zurfin suma da ma'aunin Glasgow na 1974, wanda ke duba buɗe ido da magana da motsi, maki 3 zuwa 15, kuma in abin ya sauko 8 ya san numfashi na cikin haɗari. Da sun isa asibiti, cikin 'yan jimloli zai gaya wa likita abin da ya faru, abin da ya gani, da abin da ya riga ya yi.

Duk wannan a bakin titi, ko a ƙuryar ɗaki, ko cikin mota tana gudu, ba likita a kusa. Wannan shi ne abin da nake so sunan ya ɗauka.

Yanzu ga shawarwarin da kuka kawo.

Baba da ya ce "ai direban motar asibiti ne", Allah Ya ƙara girma, da can kusan haka abin yake. A birnin Pittsburgh na Amurka, kafin 1967, 'yan sanda ko masu motar gawa ne ke kwasar mara lafiya, a jefa shi baya a yi ta gudu. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar motocin asibiti ta Freedom House, aka ɗebo baƙaƙen fata daga unguwar Hill District, likita Peter Safar ya koya musu jinya a kan titi. Abin da ya bambanta su da na da shi ne sun fara magani tun kafin mota ta tashi. In muka ce direba, mun goge wannan bambancin gaba ɗaya, kuma mun ba jama'a dalilin ture shi gefe in ya ce kada a ɗaga mai rauni.

"Mataimakin likita" shi ne ya fi kusa da asalin kalmar, tunda farkonta na Girkanci ne mai nufin "a gefen". Amma mataimaki umarni yake jira, wannan kuwa shi ke yanke hukunci a wurin. "Likitan gaggawa" kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ba likita ba ne, kuma akwai ainihin likitocin ɗakin gaggawa da sunan ya dace da su. Mun riga mun ga illar kiran duk mai farar riga likita, har mai kemis a lungu. A Ingila sunan paramedic doka ce ta kare shi, ba ka isa ka amsa shi ba sai ka yi digiri ka yi rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta can. Mu ma sunanmu kada ya ƙara wa mutum, kada ya rage masa.

Yaya da ta kawo "nas ɗin gaggawa", na gode, kuma ke da ke aikin jinya kin fi ni sanin cewa akwai ma'aikatan jinya da suka ƙware a ɗakin hatsari. Sunansu ne wannan, karatunsu daban, hukumar rajistarsu daban.

"Ɗan agaji" ya yi daɗi a baki, sai dai yana da mai shi. Ka faɗe shi a Kano ko Jos ko Maraɗi, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne masu kaki na Jama'atu da Izala da ke tsare sahu a wa'azi da filin Idi, ko masu sa-kai na Red Cross. Aikinsu babba ne, Allah Ya saka musu, amma horon taimakon farko daban yake da karatun shekaru. "Mai ceto" kuwa mu bar shi inda yake. Musulmi in ya ji ceto, ranar lahira zai tuna, kuma Kirista Bahaushe da Mai Ceto yake kiran Yesu. Kalmar ta yi wa ma'aikacin gwamnati nauyi.

Ƙanena da ya ce mu ari kalmar kawai mu ce "faramedik", ban ƙi aro ba. Likita da nas da asibiti duk aro ne, sun zauna daram. Amma su an are su ne ana ganin masu aikin kullum. Wannan aikin mutane ba su san shi ba tukuna, saboda haka muna bukatar sunan da zai yi bayanin kansa. Suna linzami ne.

Ga tawa shawarar: malamin kai-ɗauki.

Hausa ta daɗe da hanyar sa wa ma'aikaci mai horo suna: malamin asibiti, malamin gona, malamin daji, malamin dabbobi. Duk wanda ya ji "malamin" a irin wannan gaɓa ya san mutum ya yi karatun abin kuma hukuma ta san da shi, kuma ba wanda zai ɗauke shi likita. Shi kuma ɗauki ba taimako kawai ba ne. Ba a kai ɗauki a zaune, ba a kai shi gobe. Sai an ji kururuwa, a bar abin da ake yi, a ruga inda mutum yake cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Gaggawa da zuwa wurin da tsananin bukata duk suna cikin kalma ɗaya. Haɗa aikatau da suna a yi sunan sana'a kuma ba baƙon abu ba ne, ga duba-gari nan tun zamanin En'e.

Na ga ƙorafi biyu, kuma duka suna da ƙarfi. Na farko, soja ma yana kai ɗauki, 'yan kwana-kwana ma haka, ina lafiya a cikin sunan? Gaskiya ne. A takardar hukuma ko farkon labari sai a cika shi: malamin kai-ɗauki na lafiya. In an ci gaba da magana a yar da jelar. Na biyu, a rubuce "ɗauki" shi kaɗai, da ƙugiya ko babu, ana iya karanta shi kamar ɗauki kaya. Shi ya sa na haɗa shi da "kai" na sa karan ɗori, don ko a wayar da ba ta da ɗ, "kai-dauki" ba ya rikitarwa.

Yana kuma juyuwa ba tare da an matsa masa ba. Mace malamar kai-ɗauki, jam'i malaman kai-ɗauki, fannin ilimin kai-ɗauki, makarantar kuma makarantar koyon kai-ɗauki. Ku gwada a baki: "An kira 112, malaman kai-ɗauki sun tsayar da jinin kafin a kai shi asibiti." Ko kuma: "'Yata tana shekara ta biyu a karatun kai-ɗauki."

Saura abu ɗaya da ban so mu yanke mu kaɗai. A Gana an kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, bayan turmutsutsun filin wasa na Akara na 9 ga Mayu 2001 da ya ci rayuka sama da 120, kuma suna da makarantar horo a Nkenkaasu. 'Yan'uwa na unguwar Nima a Akara da zangon Kumasi sun fi shekara ashirin suna ganin waɗannan ma'aikata a unguwa. A Nijar kuma masu kashe gobara, da ake kira ta lamba 18, su ke kwasar masu hatsari. Ku gaya mana abin da tsofaffi ke kiran su da shi a can. In akwai sunan da ya riga ya kama bakin mutane, shi ya fi cancanta, sai mu jera shi da malamin kai-ɗauki mu ga wanda masu karanta labarai za su fi saurin ɗauka.