Daga Ina Muka Taso? Musayar Baitoci a Kaduna

Ɗan Kawo:
Sallama gare ku ma'abota alƙalami,
Yau tambaya na kawo wa masu ilimi.
A Hadar ta Habasha an tono ƙashi a rami,
A 1974, suka ce Lusi, in ji wani malami.
Shekara miliyan 3.2 wai tana kwance, ko kakarmu ce?
Wa zai warware mini, babba ko ƙarami?

Baba na Tudun Wada:
Ɗana, ni tun ina yaro riƙe da allo,
Adamu da Hauwa'u na sani, daga su muka ɓullo.
Mai cewa biri ya haife ni ya fito fili a yi kallo,
Ya nuna inda wutsiyata ta faɗi in je in saƙalo.

Malama ta Barnawa:
Baba, na durƙusa, Allah ya ƙara girma,
Masu binciken ba su ce biri ya haifi mutum ba ma.
Sun ce mu da birin cimfanzi rassa ne na bishiya guda,
Rabuwar ta kai shekara miliyan 6 ko sama.
Lusi da ƙafa biyu take tafiya, ƙugunta ya nuna,
Ƙwaƙwalwarta kuwa sulusin tamu ce, ƙarama.
Mai irin fuskarmu sai a Jabal Irhud ta Maroko,
Shekara 300,000, a 2017 labarin ya karaɗe jama'a da dama.

Direban Kakuri:
Malama, kin tsallake maƙwabta kin yi nisa,
Ga Chadi nan kusa, ba sai an hau jirgin bisa.
A hamadar Jurab, 2001, aka ga ƙoƙon kai a ƙasa,
Tumai sunansa, miliyan 7, Lusi jika ce a gabansa.
Ni da nake lodin Maiduguri duk mako,
Ashe hanyar gidan tsoho nake bi ban gaishe shi ba, kaico da wasa!

Ɗan Kawo:
To in nan ne tushe, Anti, ya aka yi Bature ya yi fari?

Malama ta Barnawa:
Ƙanena, wajen shekara 60,000 da suka wuce wasu suka ɗaura ɗamara,
Suka fita Afirka ta gabas, ba jaki ba taswira.
Bakin teku suka bi, wannan ya tsaya wancan ya ƙara,
Sama da shekara 45,000 da suka wuce sun isa Ostareliya, sun ƙetare ruwa da dabara.
A hanya suka iske mutanen Niyandatal, tsoffin mazauna,
Aka haɗa jini, har yau Turawa da 'yan Asiya na ɗauke da saura,
Kusan kashi 2 cikin 100 a ƙwayoyin halittarsu,
Masanin kimiyya Svante Pääbo ya gano, a 2022 kyautar Nobel ta zame masa riba.
Fata kuwa aikin rana ne: inda take ƙuna baƙi ke kāre jiki,
Inda take ƙaranci, a hankali launi ya washe ya sarara.

Ɗan Kwoi, mazaunin Sabon Tasha:
Kun zaga duniya kun bar gida a baya,
A Iho Eleru ta Ondo, 1965, an tono ƙoƙon kai guda ɗaya,
Shekara wajen 13,000, nan cikin Najeriya.
Kwalekwalen Dufuna na Yobe ya kai shekara 8,000, mai haƙa rijiya ya gano shi a hanya.
Mu kuma tsohuwar al'adar Nok tamu ce, masu haƙar kuza suka ci karo da ita a 1928,
Kawunan yumɓu gasassu, da kitso da ido kamar za su yi dariya.
Ku je gidan tarihi na titin Ali Akilu ku gani da idonku.

Baba na Tudun Wada:
'Yata, kin iya zance, ban ƙi sauraro ba,
Ƙashi dai ƙashi ne, ban ce ba a tono ba.
Imanina na nan inda yake, ban matsa ba,
Amma Nok ɗin nan zan je gani, ba a ce da ni haramun ba.

Direban Kakuri:
Baba, Asabar in zo in ɗauke ka da safe,
Kuɗin mai dai Ɗan Kawo zai biya, shi ya tayar da zancen tun farko, kada ya laɓe.