Katin bashi ko katin lamuni? Mu tsayar da magana ɗaya

Jama'a, musamman malamanmu na Hausa da masu fassara labarai a gidajen rediyon Kaduna, ina so mu tsayar da suna ɗaya ga katin nan da Turawa ke kira kiredit kad. Akwai kuma kalmomi biyu da ke tafiya tare da shi idan ana sayen gida ta hanyar banki: mogej, da ranar da ake gama cinikin. Na haɗa su ne saboda 'yan uwanmu da ke Ingila da Amurka kan sami wasiƙar banki cewa an yarda a ba su kuɗin gida, amma da sharaɗin su biya abin da ke kan katin kafin wannan rana. In suka bugo waya gida za su yi bayani sai magana ta cakuɗe, domin mu a nan kati ɗaya muka sani.

Wanda ke aljihun yawancinmu, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, katin ATM ne. Kuɗinka ne a asusunka, in sun ƙare mai POS ya miƙo maka abinka. Shi kuwa kiredit kad kuɗin banki kake kashewa, har iyakar da suka yanka maka, ƙarshen wata su turo lissafi. Ka biya duka, an rabu lafiya. Ka biya ɗan abin da suka ce shi ne mafi ƙanƙanta, ragowar ta fara tara ruwa. Ba sabon abu ba ne a can: katin Diners Club ya fito a 1950, na BankAmericard a 1958, wanda ya koma Visa a 1976.

Cikin sunayen da za a iya ba shi, katin aro bai shiga ba ko kaɗan. Abin aro shi kansa ake mayarwa.

Katin rance ya matso kusa, sai dai rance sau ɗaya ake karɓarsa, a san adadinsa, kuma a kunnen Bahaushe yana da ƙanshin taimako tsakanin mutanen da suka san juna, babu ruwa a kai. Wannan kati ba haka yake ba.

Inda gardamar take shi ne katin lamuni, kuma na san da yawa daga cikinku shi kuka fi so, tunda kunne ya saba da jin bankin ba da lamunin gidaje a labarai. Ban ce kuskure ba ne. Lamuni yarda ce, bankin kuwa ya yarda da kai. Amma kalmar daga ɓangaren bankin take kallon abin. Mutum ya ce an ba shi lamuni, sai ya ji kamar an karrama shi, alhali an buɗe masa shafi ne irin na littafin mai shago, kullum ana rubutawa. Ni ina kan katin bashi. Kalma ce da tsohuwa a Rigasa za ta ji ta gane nan take cewa akwai mai bin ɗanta kuɗi. Mu da muke cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, ba mu da dalilin jin nauyin faɗarta.

Da an kira shi katin bashi, sharaɗin bankin ba ya buƙatar dogon bayani: bashi biyu ne za su hau albashi ɗaya. A Amurka masu ba da kuɗin gida kan haɗa duk abin da mutum zai biya na bashi a wata su auna da abin da yake samu, kuma kashi 43 cikin 100 iyaka ce da aka daɗe ana amfani da ita. A ƙaddara yana samun dala 5,000, iyakarsa 2,150 ke nan. Gida zai ci 1,900, kati yana cin 300, ya haura. Ya share katin, ya sauko kashi 38. Kuma bankuna kan sake duba bayanan bashin mutum dab da ranar ƙarshe, shi ya sa wanda ya ruga ya sayi kujeru da firji da katin don murnar sabon gida zai iya rasa gidan gaba ɗaya. Abu biyu nake roƙon 'yan uwa su kiyaye: kada a ɗebi kuɗin kafin alƙalami a biya kati da su ba tare da an shaida wa bankin ba, kuma a karɓi takardar da ke nuna an biya, domin bayanan kan ɗauki lokaci kafin su nuna haka.

Kada a ce wannan matsalar mutanen waje ce kawai. Muna da kamfanonin tattara bayanan bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, da dokar bayanan bashi ta 2017. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi don Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ranar da ya je neman kuɗin gida za a binciki bashin da ke kansa, ko da ba na kati ba ne.

Mogej kuwa muna da kalmarsa tun kaka da kakanni: jingina. Bambancin shi ne a jinginar gona mai kuɗi ne ke nomawa har a fansa, a ta banki kuwa kai ne a cikin gidan, takardun ne a hannunsu. A Kaduna hakan na nufin takardar mallaka ta KADGIS, hukumar filaye ta jihar, da amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Na zaɓi bashin jinginar gida, a gajarce jinginar gida. Ga masu gudun riba, kuma ina cikinsu, bankuna irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 suna bin ijara, wato haya, ko murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka sani, waɗannan sunayensu na fiƙihu sun wadatar, kada a cusa su cikin jingina.

Saura ranar ƙarshe. Wasu za su ce ranar sallama, amma a cinikinmu sallama tana zuwa ne lokacin da mai kaya ya yarda da farashi, tun kafin kuɗi su motsa. A Ingila ma mataki biyu ne, musayar takardun yarjejeniya daban, ranar da kuɗi ke tafiya a ba da makulli daban. Ta biyun nake so mu kira ranar damƙawa. Iyayenmu dillalan gidaje na Kawo da Tudun Wada, ku ne a bakin wannan aiki kullum: in akwai abin da kuke kiran ranar da aka cika kuɗi a gaban shaidu aka miƙa makulli, don Allah ku faɗa mana, naku za mu ɗauka.