Ɗaukar hoton namun daji a Yankari: abin da masu kyamara suka ce

A wata tattaunawa da masu ɗaukar hoto suka yi kan gandun dajin Yankari, batun gwaggon biri ne ya fi cin lokaci. A sansanin Wikki, masaukin baƙi na dajin, ba ya shakkar mutum: ka ajiye jaka ka juya baya, ya zuge ta yana laluben abinci. Shawarar ita ce kada abinci da kyamara su haɗu a jaka ɗaya, in kuma ya wafce, kada a bi shi.

Idan giwa ta tare hanya wajen kogin Gaji, a kashe fitilar kyamara, a yi tsit, a bi umarnin ɗan rakiya.

Ni dai na fi riƙe maganar guje wa baƙaƙe da shuɗɗan tufafi, don su ke jawo ƙudan tsando. Cizo ɗaya, hannu ya motsa, hoton ya lalace.