Kumasi zuwa Salga a kan babur, ta Yeji

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙanena muna shirin tafiyar kwana 4 a kan Boxer ɗina cikin Disamba. Ba na son babban titin Techiman, manyan motoci sun yi yawa. Niyyata mu bi Mampong, Ejura, Atebubu, mu kwana Yeji, mu ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, sai Salga. Kakanmu fataken goro ne, tun ina yaro nake jin labarin rijiyoyin Salga a bakinsa, ina so in gani da idona. Wa ya taɓa bin hanyar?

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam ɗana. Na bi. Fiye da kilomita 200 ne zuwa Yeji, ka tashi bayan asuba. Hawan dutsen Mampong da sanyin safiya, hazo kwance a ƙasa, wallahi sai ka tsaya ka kalla. Amma canza baƙin mai tukuna, ka ɗaure sarƙa, ka riƙe filogi, faci da famfo. Ni ƙusa ta kama ni bayan Ejura, na tura babur har tafin hannuna ya yi kanta.

Yayan Asawase: Jirgin fito ba ya jiran kowa. Kuna isa Yeji ku je bakin ruwa ku tambayi lokacinsa na gobe. Kada ku yarda a ɗora babur a ƙaramin kwalekwale.

Inna Alabar: Hular kwano biyu, don Allah, ba ɗaya ba. Hunturu ne, ku rufe hanci. Ku taho mini da bandar kifin Yeji. Allah ya kiyaye hanya.

Ɗan Aboabo: Amin Inna, kifi ya zama dole. Baba, gobe zan kawo babur ɗin ka duba.