Abuja ta cije, unguwa na fama da ƙishirwa: muhawarar zauren 'yan unguwa

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abin ne ya kai ni maƙura. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a daina bi da su ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Ran nan har shayi na saya wa 'yan majalisarmu don murna. Har yau ana ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar. Kafin nan ma an kai maganar cikin gyaran kundin tsarin mulki a zamanin majalisar tarayya ta tara, ta kasa samun majalisun jihohi 24 da doka ke buƙata. Tarayya na ja, gwamnoni na ja, mu ne igiyar. Rijiyar burtsatsen bayan masallaci wata biyar ke nan a mace. Sau uku ina zuwa sakatariya, amsar ɗaya ce: kuɗi ba su iso ba. Jiya da asuba na ga 'yata da bokiti a ka, ga kayan makaranta a jikinta, tana bin layin rijiyar maƙwabta. Ni dai na gaji da jira. Na shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, muna zama duk Asabar bayan La'asar, za mu haɗa kuɗin gyaran injin, mu yashe kwata kafin damina. Duk mai kishin unguwar nan ya fito mu zama 'yan sa-kai.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, Baban Walid. Mata ma muna ciki.

Bagusau: Yaya, don Allah ka janye kalmar nan. 'Yan sa-kai? Ka san abin da take nufi a wajenmu kuwa? Mu da muka baro ƙauyenmu muka dawo nan, in aka ce 'yan sa-kai gabanmu faɗuwa yake. Su ne masu tare mutum ranar kasuwa su yanke masa hukunci ba alƙali ba shaida. Daga nan ramuwar gayya ta fara, har ta kai mu inda muke. Gwamnati ma sai da ta haramta su a Zamfara.

Baban Walid: Haba ƙanina, ni rijiya nake magana.

Malamin Hausa: Bagusau, Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, amma kalmar ba ta yi laifi ba. Sa-kai shi ne mutum ya sa kansa aiki ba tare da an tilasta masa ko an biya shi ba. Rediyo kullum cewa take ƙungiyoyin sa-kai. Don wasu sun ɓata suna ba za a binne kalma ba.

Bagusau: Malam, kai a littafi ka san ta. Ni a gawa na san ta.

Ɗan Tasha: To tunda an zo nan bari in faɗi tawa. Ba don 'yan sa-kan da kake zagi ba, da ƙauyuka nawa aka tashe su? Jami'an tsaro sai an gama ɓarna suke zuwa. Kuma in haramun ne, me ya sa Katsina ta kafa nata dakarun a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024? Ai su ɗin ne aka ɗinka wa kaki.

Bagusau: Ba su ba ne. Waɗannan an tantance su, an horar da su. Kai ka taɓa wuce Funtuwa ma?

Ɗan Tasha: Shekara goma ina lodin Gusau, yaro. Lokacin kana firamare.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku sassauta. Mu a zamaninmu aikin gayya muke cewa. Mai unguwa ya sa a yi shela, gobe kowa ya fito da fartanya da kwando, mata su dama kunu su kai. Ba sunan ne ke haƙa rami ba. Ga FOMWAN nan, ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tun 1985 aka kafa ta a Minna, mata ne suka gina makarantu da asibitoci, ba su tsaya jiran kowa ba. Da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya ci Maiduguri, samarin gari da 'yan agaji ne suka yi ta ciro mutane suna dafa abinci a makarantu.

Malamin Hausa: Hajiya, a gafarce ni, gayya daban sa-kai daban. Gayya ana gayyatar ka ne, kuma bashi ce, gobe a zo maka. Sa-kai ba mai kiran ka.

Maman Hanifa: Malam, yanzu Hajiya za ka yi wa gyaran Hausa?

Jar Hula Har Abada: Ni abin da ban gane ba shi ne "gwamnoni na ja". Waɗanne gwamnoni? A fito fili. Wa ke riƙe da Babban Banki? Wa ke raba kuɗin wata-wata? In da gaske suke, su tura mana mu gani. A daina shafa wa gwamnanmu kashin kaji.

Ɗan Tasha: Ga su nan sun fito. An ce rijiya ta lalace, kai ka ji an taɓa ubangidanka. Lokacin da namu ke kan mulki ruwa bai taɓa yankewa wata biyar ba.

Jar Hula Har Abada: Ƙarya kake. Shekara takwas ɗinku 'yan garuwa suka yi gidaje.

Ɗan Tasha: Kawo hujja.

Jar Hula Har Abada: Kowa ya sani. An ma faɗa a wani shirin siyasa na dare, na ji da kunnena.

Auta: Ni tambayata ɗaya. Wannan ƙungiyar da ake kiran mu, tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Su waye amintattunta? Asusun banki da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? Don bara an tara kuɗin ciyarwar azumi, kwana goma aka yi ana raba kunu da ƙosai aka daina, har yau ba wanda ya karanta mana lissafi. Hotuna dai mun gani a Facebook.

Maman Hanifa: Auta, ka ji tsoron Allah. Ni na tsaya a kan tukunyar nan da bakin azumi, hayaƙi na cin idona. Gero ne ya yi tsada kuɗin suka ƙare. Nawa ka bayar da kake neman lissafi?

Auta: Anti, ko naira ɗari na bayar ina da haƙƙin tambaya.

Bagusau: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar ba.

Baban Walid: Na janye. A kira mu duk abin da aka ga dama. Mai gyara ya ce injin ne ya ƙone, ya ba mu kwana bakwai mu kawo kafin alƙalami. Wa zai zo ranar Asabar?

Malamin Hausa: Bai kamata ka janye ba, gaskiya na gefenka. Zan turo hoton shafin ƙamus in na koma gida.

Jar Hula Har Abada: Kuma a janye maganar gwamnoni.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa matsalar daga Abuja take, su suka ƙi sakin kuɗi, don haka sa sunan gwamna a ciki bai dace ba, kuma Ɗan Tasha ne ya fara kawo siyasa, wannan gargaɗi ne na biyu gare shi. Maganar kalma, Bagusau ya fi kowa sanin zafinta, mai rubutun ma ya janye, an rufe wannan babin, ba sai an turo ƙamus ba. Batun kuɗin azumi kuwa, ni ne ma'aji bara, Maman Hanifa ta yi bayani mai gamsarwa, kuma bai kamata yaro ya riƙa tuhumar manyansa a bainar jama'a ba. Mai son ganin rasit ya same ni a shago. Maganar rijiya za a sa mata rana. Na kulle zaure sai bayan sallar Asuba.